Godiya ga waɗanda suka rufa mana asiri a rasuwar Inna

Assalamu alaikum.

Jiya aka yi addu'ar bakwai ta mahaifiyarmu. Yau baƙi sun watse, masu rumfa sun zo sun kwance kayansu, sai yanzu na samu na buɗe ɗan littafin da ƙanwata ta riƙa rubuta gudummawa a ciki. Ban kai ƙarshensa ba na rufe, na ce bari in fara faɗa wa duniya abin da kuka yi mana.

Ba zan ɓoye ba, ranar da Inna ta cika ba mu da komai. Wata biyu muka yi jinya a Yamai bayan an turo mu daga Tawa, kullum sabuwar takardar magani, har babur ɗina da ragon da aka ɗaure don layya suka tafi. Da asubar nan jika 7 ce a aljihuna. Ga shi ta sha faɗa mana, in ta ƙare a kai ta gida kusa da Baba. Kawu ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗana, ƙasa duk ta Allah ce, in babu hali a kai ta maƙabartar Yantala nan Yamai, ba ka da laifi." Gaskiya ya faɗa, amma bakina ya kasa cewa to.

Ban roƙi kowa ba. Wani ɗan unguwarmu mai sayar da katako a kasuwar Katako ne ya ji labari, ya bi ƴan Adar rumfa rumfa, kafin hantsi an haɗa kuɗin man mota. Direban kuwa ya rantse ba zai karɓi ladan tuƙi ba, wai yana yaro ya sha furar Inna a tasha. Fiye da kilomita 500 ya kwasa da mu, ta Doso, Dogon Dutsi da Ƙonni, bai tsaya ba sai don salla. Malam direba, ko lambarka ban karɓa ba saboda ruɗewa. In wannan saƙo ya iso ka, Allah ya tsare ka a kan hanya, ya jiƙan naka iyayen.

Muna isa muka tarar ƴan fada sun haƙa kabari, sun sayo itace, liman yana jira. Yaran nan da muke yi wa faɗa kullum don sun zauna shan shayi, su ne suka kwana uku suna ɗaukar ruwa da shimfiɗa tabarmi. Likkafani ne kaɗai ba mu saya ba. Yana ƙasan akwatinta, a naɗe tare da turare, ta tanada tun shekarun baya ba ta gaya wa kowa ba. Halinta ke nan.

Ƴan uwa da ke bida a Abijan da Libiya, saƙonku ya iso ta kamfanin aika kuɗi na Nita, shi ya sayi shinkafa da geron sadakar uku. Matan adashin Inna, na ji abin da kuka yi: wadda ɗauka ta faɗo kanta a makon nan ta ce a kawo gidan makoki, ita ta jira wani zagaye. Na san auren ɗiya ke gabanta.

Akwai layi ɗaya a littafin da ya sa na rufe shi. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin masallaci ta kwance gefen zanenta ta ba ƙanwata dala ɗari, ta ce kada a rubuta. Iya, ki yi haƙuri, an rubuta.

Da liman ya yi shela a wurin jana'iza cewa mai bin mamaciya bashi ya yi magana, mai kantin unguwa ya miƙe ya ce yana bin jika 18 na sukari da mai, kuma ya yafe duniya da lahira. Allah ya yafe masa kamar yadda ya yafe.

In akwai wanda kunya ta hana shi magana a ranar, don Allah ya same ni a gida kafin arba'in, ko ya aiko ta hannun Kawu. Ba ma so ta kwanta da haƙƙin kowa a kanta.

Allah ya jiƙan Inna, ya sa can ta fi nan.