Wasiƙa daga Ostareliya: abin da na gani a taron Garma

Assalamu alaikum mutanen gida, ya damina, ya iyali?

Labarin Garma zan ba ku, taron da mutanen Yolngu, 'yan asalin arewa maso gabashin yankin Arnhem Land a arewacin Ostareliya, suke yi kusan duk shekara wajejen Agusta tun 1999. Wurin sunansa Gulkula, daji ne kusa da garin Nhulunbuy, in ta mota za ka zo to shirya shan jar ƙura kusan kilomita 700 bayan ka bar kwalta, kuma sai da takardar izini don ƙasar tasu ce a doka tun 1976. Kwana huɗu ake yi, kwana a tanti, ba giya.

Da yamma ake rawar bunggul. Dangi-dangi suke shigowa fili sun shafa farar ƙasa, wani na busa yidaki, dogon icen nan da gara ta rarake cikinsa, dattijo na buga sanduna biyu yana waƙa, ga yara 'yan mitsi-mitsi a baya suna kwaikwayon takun manya har ƙura ta rufe su, iyaye mata kuma daga gefe suna juya hannu a hankali. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Masu rawa da jar tuta daga garin Numbulwar su kuma tuna fataken Makassar suke yi, Musulmi daga tsibirin Sulawesi na Indonesiya da suka daɗe suna zuwa ciniki a gaɓar nan har 1907.

Kada fa ku ɗauka rawar nishaɗi ce. Waƙoƙin nan da zanen jiki su ne takardar filinsu, su ke faɗin wace ƙorama ta wane dangi ce. Shi ya sa a 1963, da gwamnati ta yanki ƙasarsu ta ba masu haƙar ma'adinin alminiyam ba shawara, mutanen Yolngu na garin Yirrkala suka manna kokensu a ɓawon itace mai zanen danginsu suka aika majalisa a Canberra.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne 'yan siyasa. A filin nan firaminista Albanese ya tsaya a 2022 ya karanta kalmomin da yake so a sa a tsarin mulki don 'yan asalin ƙasa su samu muryar ba majalisa shawara, a Oktoba 2023 masu ƙuri'a suka ce a'a. Manyan baƙi su biya tikiti mai tsada, su yi tafi, su hau jirgi, alhali a ƙauyukan yankin har yanzu iyalai da yawa cunkushe suke a gida ɗaya, ciwon ƙoda da na zuciya na ɗaukar mutane da sauran ƙarfinsu.

A gaida min kowa da kowa, a ci gaba da sa mu a addu'a.