Ranar da na hau da Umma saman agogon Makka

Tun kafin jirginmu ya tashi daga Kano sautu ya cika min WhatsApp, wannan abaya baka mai duwatsu, wannan turaren wuta, wannan dabinon ajwa kilo biyu, kanwata kuma har hoton jakar da take so ta turo min kamar Dubai aka ce mata zan tafi ba Umara ba. To kwana uku bayan mun sauke Umararmu nace da Umma yau dai mu shiga kasuwar nan ta karkashin agogo mu rage nauyin mutane. Tace to, amma ita fa ba za ta yi yawo ba, kafarta.

Duk wanda ya taba zuwa ya san wurin. Kana fitowa ta Kofar Sarki Abdul'aziz ka tsallaka farin tayil din nan na harabar Harami sai ga ka a bakinsa, Abraj Al Bait, dogayen gine-gine bakwai a cunkushe, na tsakiya shi ne mai agogon. Kasan kasuwa ce hawa-hawa, saman otal-otal. Daga ranar nan mai dafa kwakwalwa ka fada cikin sanyin esi sai ka ji kamar an watsa maka ruwan randa, ga kamshin oud ya hadu da na soyayyar kaza ya hadu da na sabbin kaya. Mutane kuwa ba a magana, 'yan Indunusiya a jere rike da mayafin juna, Turkawa, 'yan Pakistan, ga namu nan ma kana jiyo Hausa radau daga bayanka, "Hajiya ki taya mana, ya ce hamsin." Masu shagon ma wasunsu sun iya 'yar Hausar ciniki, wani yana ganin hulata ya fara "Alhaji zo, araha, araha."

Arahar kenan da ban gani ba wlh. Matsalata duk abin da aka fada da riyal sai kaina ya juya shi zuwa naira, kuma da zarar ka fara wannan lissafin ka gama cin kasuwa. Na daga wata sallaya mai laushi na duba takardar jikinta, daga Turkiyya, carbin kusa da ita daga Chana, Umma ta shafa ta tace irin wannan ai akwai ta a Kwari. Gaskiya ta fada, amma ka je ka ce wa gwaggonka a Kwari ka sayo mata ka gani, ita dai ta ji an ce daga Makka ta fito. Mun dan shiga kantin Bin Dawood na dauki cakulan na yara, sauran sautun nace sai mun koma wajen masaukinmu a Misfala inda mutum zai iya tayawa ba a kalle shi ba.

Muna neman hanyar fita ne na ga allon gidan tarihin agogon, an sa hoton Harami daga sama. Tun 2019 aka bude shi, hawa hudu ne a can kololuwar ginin, da baranda da ake tsayawa a leko. Na tambayi kudin tikiti, na sake yin lissafin nan da na hana kaina, na hadiye yawu. Nace Umma mu hau? Ta daga kai ta kalle ni tace "kai yanzu duk fadin kasar nan ba ta ishe ka ba?" (Ni ne dan fari, har yau ba ta fadin sunana, kai ne kawai, ko wannan yaron.) Na lallaba ta dai nace ai lifta ce ba kafa ba.

Liftar nan gudu take ba wasa, kunnena ya toshe dum, Umma ta kama hannun rigata tana ta hasbunallahu har muka tsaya. Cikin gidan tarihin duhu-duhu ne da gangan, an rataye duniyoyi manya-manya, rana, wata, yadda husufi yake faruwa, yadda mutanen zamanin da suke gane lokacin salla da inuwa kafin a kera agogo. Da ni kadai ne da na tsaya na karanta, amma Umma wucewa kawai take tana cewa ikon Allah, ikon Allah. Abin da ya tsayar da ni shi ne girman agogon kansa. Daga kasa kana ganinsa kamar faranti, ashe fadin fuskarsa daya mita 43 ne, kuma fuska hudu ce, kowace kusurwa da tata. Ginin gaba daya har kan jinjirin watan nan na zinare mita 601, a 2012 aka kammala, ko Burj Khalifa na Dubai mai mita 828 ba wani nisa can ya ba shi ba.

Sai muka fita barandar. Abu na farko iska, ta kusa tafiya da hulata, na cire na rike a hannu, sabon askin Umara ya sha sanyi. An kewaye wurin da ragar karfe, kowa ya manna wayarsa a jikin ramukan yana neman hoto. Na samu 'yar kafa na matsa na leka.

Ban san yadda zan fada ba. Ka'abar da jiya-jiya na tsaya a gabanta na kasa rike hawaye, wadda in kana filin dawafi ita ce ta cika maka ido ba ka ganin komai sai ita, ga ta can kasa 'yar mitsitsiya kamar ka sa yatsa ka rufe. Masu dawafi ba ka ganin mutum ko daya, farin abu ne kawai yana juyawa a hankali a hankali kamar ana dama fura a kwarya, ba turereniya, ba askarawan Harami masu cewa yalla hajji, ba kukan yaro, ba karar keken guragu a bayanka, shiru sai iska. Alhali na san abin da ke cikin farin nan, na san gumin, na san wanda ya taka min dan yatsa a zagaye na hudu. Ga doguwar rumfar Safa da Marwa a mike, ga sabon fadin masallacin ya tafi can baya, ga duwatsun Makka bakake sun zagaye garin, gidaje sun hau jikinsu, hanyoyi suna shigewa cikin dutse suna bullowa ta wani gefen. Kyau kam akwai kyau, ba zan yi karya ba. Amma wani abu ya tsaya min a kirji, ni din wa, da zan tsaya a sama ina leken dakin Allah ta ka.

Umma ta dade ba ta ce komai ba. Ita zuwanta na farko tun zamanin Shagari ne, da marigayi Baba. Can sai ta nuna kasan kafarmu tace nan fa dutse ne, da wani tsohon gini a kansa kamar ganuwa, suna ganinsa in sun fito daga masallaci. Kuma haka ne, sansanin Ajyad kenan da Turkawan Usmaniyya suka gina yana kallon Harami, a 2002 aka rushe shi aka baje dutsen aka dasa wadannan benayen, har gwamnatin Turkiyya ta yi ta fada a lokacin. Su kuma Saudiyya hujjarsu alhazai sun yi yawa dole a samar musu wurin kwana, kuma ginin wakafi ne na Sarki Abdul'aziz, kudinsa hidimar Harami yake komawa. Ni dai na kwana a Misfala na san me tafiyar kafa sau biyar a rana take yi wa tsohuwa, dan haka ba zan zagi wanda ya kama daki a nan ba, da ina da halin ma nan zan kama mata. Duk da haka da na ga yadda take bin wurin da ido tana neman abin da babu, sai na ji da ma an bar mata dutsenta.

Nace Umma tsaya na dauke ki hoto Ka'aba ta fito a bayanki. Tace a'a, ba za ta juya mata baya dan hoto ba. Ta daga hannu ta yi addu'arta a tsaye a nan, ta shafa, sannan tace mu sauka kar magariba ta same mu a sama.

Kafin mu iso kasa an fara kiran salla, masu shaguna suna ta jan kofofi, sahu ya riga ya cika haraba ya shigo har cikin kasuwar. Ba mu samu fita ba, nan na shimfida mata sallayarmu ta gida wajen mata, ni kuma na samu gefe kusa da wani shagon agoguna, ledar cakulan a gabana, muka bi limamin Harami.