Jiƙon Dawar Tsiro: Shawara Ga Masu Kunun Zaƙi

Ƙannena masu son kama sana'ar kunun zaƙi, ba duk zaƙin kunu ne na sukari ba. Garin tsiro, wato garin dawar da aka jiƙa ta tsiro, shi ne ke narkar da kaurin gasara ya mayar da shi zaƙi, kuma tun daga jiƙo tsiro yake gyaruwa ko ya lalace.

Da na fara, nakan bar dawa kwana biyu cikin ruwa guda, wai ta sha ta ƙoshi. Sai in tarar da kumfa a bakin bokiti, ga tsami, ga yauƙi, rabin ƙwayar kuwa ta mutu. Ƙwayar hatsi rai gare ta, numfashi take yi. Ki wanke, ki kwashe wadda ta taso sama, ki jiƙa kamar awa takwas, ki tsane a kwando ta sha iska, sannan ki zuba sabon ruwa. Duka duka kada jiƙon ya wuce kwana ɗaya. Gero ma bai kai haka ba, don ƙwayarsa ƙanana ce.

Daga nan sai ki baza ta a jiƙaƙƙen buhun algarara, ki rufe da wani, kina yayyafa ruwa safe da yamma kina juyawa. Dawa ta fi son ɗumi mai awo 25 zuwa 30 a ma'aunin Celsius. Da hunturu tana nawa. Da bazara kuwa, in kika tsibe ta wuri ɗaya, cusa hannu tsakiya za ki ji zafi, kafin ki ankara fumfuna ta hau. Wadda ta yi fumfuna a zubar, dafuwa ba ta kashe gubarta. Kwana uku zuwa biyar sun isa. In ya zarce, zaƙin ya tafi a saiwa.

Kada ki raina aikin nan. Tun da gwamnatin Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, kamfanonin lemon malt suka koma wa dawa, har da irin SK5912 na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.

In dawar ta gama tsirowa, shanyawa ake yi, ba soyawa ba. In ta bushe ƙayau, murje saiwar da tohon ki sheƙe, domin a nan dawa ke tara guba irin ta rogo mai ɗaci. Ranar dama kunu kuma, bari gasarar ta ɗan huce kafin ki zuba garin tsiron, tafasasshen ruwa kashe shi yake yi.