Farautar ƙuda don ciyar da ƙoƙi-ƙoƙi

Sana'ata kiwon ƙoƙi-ƙoƙi ce, ina sayar wa masu sha'awar ajiye shi a gida, amma rabin aikin farautar ƙuda ne. Ƙoƙi-ƙoƙi ba ya cin mushe. Sai abu ya motsa a gabansa yake juyo da kai ya tsura masa ido, ya ɗan yi rangaji, sannan ya cafke shi da hannayen nan nasa masu ƙaya. A cikin ire-irensa sama da 2,400 da aka sani, akwai waɗanda ba su cika kula abin da ke rarrafe ba, sai mai tashi, irin su Idolomantis diabolica na gabashin Afirka. Mai kiwon irin waɗannan ba shi da makawa sai ƙuda.

Tarkona ba shi da wuyar haɗawa. Ƙuda in ya ƙoshi, sama yake tashi, wajen haske. Sai in ajiye guntun kifi ko ruɓaɓɓen ɗan itace a ƙasa, in kifa mazurarin raga a kai, tsukakken bakinsa yana leƙawa cikin keji. Su shigo ta ƙasa, su ci, su tashi, shi ke nan sun shiga.

Kamun ba shi ne matsala ba, wurin kamun shi ne magana. Ba na ɗana tarko kusa da juji, ko makewayi, ko gonar da aka yi wa feshi. Ƙudan da ya taɓa maganin ƙwari yana iya ci gaba da tashi na ɗan lokaci kamar lafiyarsa ƙalau, ƙoƙi-ƙoƙi ya cinye shi, dabbar da aka yi watanni ana reno ta tafi a banza. Ƙwarin bakin ruwa ma na yafe su, domin ta jikinsu ne wata doguwar tsutsa mai kama da gashin wutsiyar doki take shiga cikin ƙoƙi-ƙoƙi, ta girma a can. Zuma da rina da tururuwa kuwa, ko sun faɗa tarko, sakinsu nake yi.

Shi ya sa ƙudan da na kama yau ba na bayar da shi yau. Ina tsare shi kwana ɗaya ko biyu da audugar da na jiƙa da ruwan sukari. Mai guba a jiki zai mutu a kejin, wanda ya rage kuma cikinsa ya wanku. Lokacin rabo, sai in sa kejin a firiji na 'yan mintoci. Sanyi ya kashe musu jiki, in ɗebe su da hantsaki ba tare da sun cika ɗaki ba. Da sun ji ɗumi za su farfaɗo.

Jariran ƙoƙi-ƙoƙi nasu abincin daban ne. Kwanson ƙwai guda yana iya fitar da gommai, wani irin har ɗaruruwa, kuma in yunwa ta kama su junansu za su ci. Ƙudan gida ya fi ƙarfinsu, don haka ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace nake kiwata musu a kwalba, sai sun yi saɓa biyu ko uku nake ƙara musu girman abinci.

Abin da na fi nanata wa mai saye shi ne saɓa. In ya ga dabbarsa ta ƙi ci, ta rataye kanta ƙasa ba motsi, to ya fitar da duk ƙudan da ke ciki. Sabon jikin laushi gare shi, ƙuda ɗaya ya isa ya faɗo da ita ta nakasa. Ya ba ta kwana guda jikin ya yi ƙwari, kuma ya riƙa duba cikinta: in ya shafe, tana buƙatar abinci, in ya yi tim, a ɗaga mata zuwa jibi.