Rake, JAMB da gwiwar Inna

Laraba. Wuta ta zo da asuba ta tafi kafin bakwai, ko guga ban samu yi ba.

Ummi ce ta hana ni sakat yau. Muna tsakar gida bayan la'asar, tana bitar tambayoyin JAMB na shekarun baya, ni kuma ina fere raken da na sayo a bakin tasha, ɗan Makarfi, sai ta ɗago ta ce, "Baba, wai mene ne joint ɗin da ke farkon sunan JAMB? A takardar asibitin Inna ma likita joint pain ya rubuta. Me ya haɗa jarrabawa da ciwon ƙafa?"

Na ce mata na farkon haɗin gwiwa ne, domin kafin 1978 kowace jami'a ita ke tantance ɗalibanta, sai aka haɗe abin wuri guda. Na biyun kuma gaɓa. Ta ce, "To ai kalma ɗaya ce." Na ce haka ne. Ta ce, "To me ya sa?" Sai na ci gaba da tauna rake. Malamin Turanci guda!

Abba ya tsoma baki, wai ai har mai tsire na bakin titi ya rubuta suya joint a allonsa. Yana faɗa yana ƙunshe dariya, na san ɗaya ma'anar yake tunawa, ta naɗin wiwi. Na galla masa harara. Inda ya koyo ta, maganar wata rana ce.

Inna na kan tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ce me yarinyar ke tambaya. Na fassara mata. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Kai da bakinka ka ce haɗin gwiwa. To gwiwar ba gaɓa ba ce? Miƙo min gaɓa ɗaya, ka yanka ƙanana."

Shi ke nan. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta kashe maganar, kuma a jimla ɗaya ta kawo rake ciki. Ummi ta yi ta dariya, ni kuwa abin ya tsaya min a rai, har bayan magariba na ɗauko ƙamus.

Ashe joint ta Faransanci ta biyo ta shiga Turanci, asalinta kuma kalmar Latin ce mai nufin haɗawa. Uwarsu ɗaya da join da junction, da kuma juncture, wadda masu jawabi ke so. In Bature ya ce at this juncture, daidai yake da namu "a wannan gaɓar". Mahautan Ingila ma babban yankin naman da ake gasawa ɗungurungum joint suke kiransa.

Na rake ya fi burge ni. Masana noma da Turanci suna kiran kowane yanki na sandar rake joint, kamar yadda muke cewa gaɓa. Sai suka raba shi biyu: zoben nan mai tauri da muke yarwa shi ne node, daga kalmar Latin mai nufin ƙulli, tsakanin zobe da zobe inda zaƙin yake kuma internode. Ɗan tohon da ke jikin zoben, wanda shi ke tsirowa in an binne, eye suke ce masa, ido. Haka karan dawa, haka takanɗa, haka gora. Akwai ma wata ciyawa a Turai, knotgrass, da sunanta na kimiyya Polygonum, wanda ake fassarawa daga Girkanci da "mai gwiwoyi da yawa" saboda kumburin gaɓoɓinta.

Elbow kuwa, gwiwar hannu, farkonta ell ne, tsohon ma'aunin yadi da asalinsa tsawon hannu ne daga gwiwa zuwa yatsa. Kamu ke nan, irin wanda Inna ke auna zane da shi har yau, ba ta yarda da tef ɗin tela ba. Articulate, da muke yabon mai iya zance da ita, daga "ƙaramar gaɓa" ta fito, wato mai fitar da magana gaɓa-gaɓa. Mu ma a ajin Hausa gaɓa muke ce wa yankin kalma. Gobe ƴan aji uku za su sha wannan, ko sun so ko sun ƙi.

Na fito da murnata zan gaya wa Ummi, na tarar ta yi barci a kan littafi.

Inna ce kaɗai a farke, tana sallar isha'i a kan kujerar roba. Wata na huɗu ke nan ba ta kai goshinta ƙasa ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon yadda take ɗan sunkuyar da kai a madadin sujada. Matar da ke daka dawa mudu biyar kafin hantsi, ta ɗauko itace daga bayan gari da ni a goye. A takardar, ƙasan joint pain, akwai arthritis, ita ma na duba ta ɗazu: gaɓa ce da Girkanci, da ɗafin da ke nufin kumburi. Ita dai sanyin ƙashi take cewa. Duk abin da na tono a daren nan bai rage mata komai ba.

Da ta sallame ta ce in ɗauko man zafi. Na durƙusa ina shafa mata, gwiwar dama ta fi kumbura, da ɗumi kamar an gasa. Ta ce, "Ka gano abin da kake nema a littafin?" Na ce na gano, Inna. Ta ce, "To madalla. Danna nan ƙasa kaɗan."

Maganinta saura na kwana uku. Albashi shiru.