Yaran da karatu ke gagara a makarantunmu na Arewacin Kamaru

A makarantun firamare na Garwa da Marwa akwai yaron da kowane malami ya sani: yana da baki, yana ƙirga canji a kasuwa ba kuskure, a makarantar allo kuma yakan riƙe sura da ka idan an biya masa, amma da an ce ya karanta layi ɗaya a littafi sai ya yi tsuru-tsuru. Ƙarshen shekara a ce ya maimaita aji, a gida kuma a riƙa kiransa daƙiƙi. Wasu daga cikin irin waɗannan yara disleksiya ce ke damunsu, wato wahalar da ƙwaƙwalwa ke sha wajen haɗa harafi da sautinsa.

Masana sun daɗe da sanin wannan matsala. Rudolf Berlin, likitan ido a Jamus, shi ya raɗa mata suna a 1887, sannan a 1896 likita Pringle Morgan na Ingila ya bayyana halin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagare shi. Bincike ya nuna daga baya cewa ba a ido take ba, ba kuma ƙarancin hankali ba ce. Tana bin dangi, kuma ana ƙiyasta cewa tana shafar yara 5 zuwa 10 cikin ɗari, ke nan a aji mai yara 80 ana iya samun huɗu zuwa takwas.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda matsalar ke ɓuya a wajenmu. Yaro ya tashi da Hausa da Fulatanci, ya shiga ajin SIL, wato ajin farko na firamare, sai a fara koya masa karatu da Faransanci, harshen da bai taɓa magana da shi a gida ba. Rubutun Faransanci kuma ba ya tausaya wa mai koyo, domin sauti ɗaya ana iya rubuta shi "o" ko "au" ko "eau", ga haruffan ƙarshen kalma da ake rubutawa ba a furta su. Saboda haka kusan kowane yaro yana tuntuɓe da farko, sai malami ya kasa bambanta wanda harshe ne bai kama ba da wanda ke da disleksiya. Na farkon yakan warware idan Faransancinsa ya ƙaru, shi kuwa na biyun yakan kai CE2, wato aji huɗu, yana haɗa baƙi da ƙyar, kuma a dikte, wato shifta, kalma ɗaya sai ya rubuta ta iri-iri a shafi guda.

Kafin a yanke hukunci, a fara duba idon yaron da kunnensa a asibiti. Bayan haka malami ko uwa za su iya gwada shi da baki cikin Hausa: a ce ya raba "makaranta" gaɓa-gaɓa yana tafi, ko ya faɗi abin da zai rage idan aka cire "ta" daga "tafiya". Yaron da wannan ke yi wa wuya a harshen uwarsa yana bukatar kulawa ta musamman.

Bulala ba ta koya wa ƙwaƙwalwa sauti, tsoro kawai take ƙarawa. Abin da ke aiki shi ne a koyar da sautuka ɗaya bayan ɗaya, a yi ta maimaitawa kowace rana na ɗan lokaci, yaron yana furta sautin yana zana harafin da yatsa a kan yashi. A zaunar da shi gaba, a ƙara masa lokaci a jarrabawa, a yi masa wasu tambayoyin da baki, kuma kada a tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba tare da ya shirya ba. Dokar 13 ga Afrilu, 2010 ta tanadi haƙƙin ilimi ga masu bukata ta musamman a Kamaru, sai dai ƙwararrun masu gyaran magana da karatu sun fi yawa a Yawunde da Duwala. Don haka a nan Arewa nauyin yana kan malamin aji da iyaye, kuma ina ganin ya wajaba makarantun horon malamai su sa gane alamun disleksiya cikin darussan da ake koya wa kowane sabon malami.