Bibiyar hadarin gabas: inda littafina ya kai a ƙarshen Mayu

'Yan uwa masu koyon duban yanayi, assalamu alaikum. Yau mako shida ke nan da na buɗe sabon littafi domin bibiyar hadarin da ke ratsa Afirka ta Yamma ya faɗa tekun Atlantika. Tun da saura 'yan kwanaki lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika ya kama, wato daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, na ga ya dace in faɗa muku inda na kai da inda na yi tuntuɓe.

Tun muna yara mun san cewa hadari daga gabas yake tasowa, alhali iskar damina mai ɗauke da laima daga kudu maso yamma take busowa. Dalilin yana sama da kawunanmu, nisan kilomita 3 zuwa 4, inda wata iska mai ƙarfi take gudu daga gabas zuwa yamma saboda bambancin zafin Sahara da sanyin gaɓar tekun Gini. Iskar ba ta tafiya a miƙe, tana lanƙwasa ne kamar tafiyar maciji, kuma kowace lanƙwasa ita nake kira igiyar gabas. Kimanin 60 ne suke barin gaɓar Afirka a shekara, ɗaya a duk kwana 3 zuwa 5, kuma mafi yawan manyan guguwoyin da ke rushe gidaje a tsibiran Karibiyan da Amurka, idan aka bi sawunsu, a nan suka faro.

Tsarina ba shi da wuya. Bayan sallar asuba da bayan isha'i nakan buɗe hoton tauraron ɗan adam na Meteosat, in rubuta layin da tarin gajimare yake, in kwatanta da na jiya. Daga Kano zuwa Dakar kusan kilomita 2,800 ne, kuma igiya takan ci wannan tafiya cikin kwana huɗu ko biyar.

Kuskuren da ya ci mini makonni uku na farko shi ne, duk farin dunƙulen gajimare da na gani sai in rubuta shi a matsayin igiya. Wata ranar Laraba da la'asar sakaliya, gabas ta yi jawur da ƙura, iska ta kwashe shanyar da ke tsakar gida ta watsar da buta, sannan ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ma'aunin da na kafa a bayan ɗaki ya nuna milimita 14. Cikin murna na ja layi a littafi, na ce ga wadda zan raka har teku. Da gari ya waye na duba hoton, babu ko ɓurɓushinta, ta watse tun kafin ta kai Yamai. Ashe hadarin yini ɗaya ne, irin wanda zafin rana ke haɗawa, ya yi gudun da ya fi na igiya sauri, ya mutu kafin hantsi.

Daga nan na gane cewa ita igiyar a cikin iska take, gajimare kuwa wani lokaci yana tare da ita, wani lokaci babu. Yanzu sai na buɗe taswirar iska a matakin 700 hPa, wato nisan kusan kilomita 3 a sama, a manhajar Windy kafin in rubuta komai. Idan iska tana fitowa daga arewa maso gabas a gefen yamma, ta kuma juya daga kudu maso gabas a gefen gabas, to tsakiyar wannan juyi ita ce ƙashin bayan igiyar. Da na koma kan shafukan baya da wannan ma'auni, rabin abin da na rubuta sai da na soke shi da jan biro.

Igiyoyin watan Mayu kuwa kada su ɗauke muku hankali. Ta can kudu suke fita, wajen Gini da Saliyo, kuma da sun shiga teku sai su gamu da busasshiyar iskar Sahara mai ƙura, ga kuma iskar sama da ke saɓa wa ta ƙasa tana yanke kan gajimaren kafin ya miƙe. Guguwa tana buƙatar ruwan teku mai zafin da ya kai digiri 26.5, da laima, da iska mai tafiya baki ɗaya. Shi ya sa guguwoyin farkon lokaci sukan taso ne daga mashigin tekun Meziko ko yammacin Karibiyan, namu kuma sai Agusta da Satumba suke yin ƙarfi a kusa da tsibiran Kef Bad da ke yamma da Dakar. Duk da haka ban rufe ido ba, domin guguwar Beryl ta shekarar 2024 daga igiyar Afirka ta fito a ƙarshen Yuni, ta afka wa tsibirin Carriacou na ƙasar Girenada ranar 1 ga Yuli, sannan ta kai mataki na 5, wato mafi ƙarfi, da wuri irin yadda ba a taɓa gani ba a tarihin Atlantika.

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Mayami ta fara fitar da hasashenta na kullum tun 15 ga Mayu, sau huɗu a yini, kuma na ƙarfe 7 na safe da na 7 na yamma agogon Najeriya su ne suka fi mini daidai. Tana sa launin rawaya idan yiwuwar haɗuwar guguwa bai kai kashi 40 cikin 100 ba, ruwan lemo daga 40 zuwa 60, ja kuma idan ya haura haka. Hasashenta kwana bakwai kawai yake hangowa, kuma a ganina wannan iyaka ce mai kyau. Na taɓa ganin hasashen kwamfuta na GFS ya zana ƙatuwar guguwa a Karibiyan nan da kwana goma sha huɗu, na kwana ina zumuɗi, washegari ta ɓace daga taswirar gaba ɗaya. Tun daga ranar, abin da ya wuce mako ɗaya ba ya shiga littafina.

A daren jiya na ga alamar juyin iska a kan yammacin Cadi, ko da yake gajimaren da ke tare da shi kaɗan ne. Na ba wannan igiyar lamba ta tara. Idan lissafina ya yi daidai, gobe za ta ratsa ta kudu da mu, kuma in Allah ya kai mu Talata zan neme ta a gaɓar Konakiri.